Digirin Turanci: Mene ne makomar masu shi a Kano?

A kowace shekara jami'o'in arewacin Najeriya na yaye ɗalibai masu digiri a fannin Turanci, sai dai a karkara iyaye da dama na tambayar ko wane aiki wannan takarda ke kai mai ita.

Tambayar tana da nauyi a wuri irin Zinyau, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Rano a kudancin jihar Kano, da kuma ƙauyukan Kibiya mai maƙwabtaka da ita, inda akasarin magidanta manoma ne, kuma kuɗin karatun yaro daga rumbu yake fitowa.

Me ake koyarwa?

Mutane da yawa na ɗauka cewa ɗalibin Turanci yana shafe shekara huɗu ne yana koyon magana da harshen. Ba haka abin yake ba.

Karatun ya kasu gida biyu. Akwai nazarin harshen kansa, wato furuci da ginin jimla da ilmin ma'ana da kuma yadda 'yan Najeriya suka sarrafa Turancin ya zama nasu. Sannan akwai adabi, inda ake nazarin ƙagaggun labarai da waƙoƙi da wasan kwaikwayo, tun daga Shakespeare har zuwa Chinua Achebe da Wole Soyinka.

A shekarar ƙarshe ɗalibi kan rubuta kundin bincike.

Jami'ar Bayero da ke Kano, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka kafa a 1962, su ne suka fi daɗewa suna koyar da fannin a wannan yanki.

Shingen farko

Kafin a kai ga batun aiki, akwai batun shiga, kuma a nan ne ɗan ƙauye ya fi shan wuya.

Ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da kuma adabin Turanci. Haka nan a jarrabawar JAMB dole ne ɗalibi ya rubuta adabin.

Matsalar ita ce ba kowace makarantar sakandare ta karkara ke da malamin adabin Turanci ba. Inda babu malami, ɗalibai kan zaɓi wasu darussan, kuma sai sun zo cike takardar neman jami'a suke gane cewa ƙofar ta rufe tun suna aji huɗu. Wannan gibi ɗin shi ne kuma ke hana su karatun lauya, domin can ma ana neman adabin.

Don haka wasu kan bi ta kwalejin horon malamai, su samu takardar NCE, sannan su shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu. Hanya ce mai tsawo, amma kamar yadda za a gani, tana da tata ribar.

Aikin koyarwa

Ko shakka babu, aji shi ne babban mai ɗaukar masu wannan digiri, musamman da yake Turanci darasi ne na dole, kuma wanda ya faɗi shi ba ya samun shiga jami'a.

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyar da 'yan firamare da harshen uwa, amma a watan Nuwamban 2025 ministan ilmi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke ta, aka koma ga Turanci. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan mataki, ya ƙara wa malamin Turanci nauyi a makarantun da yara ba sa jin harshen a ko'ina sai a aji.

To amma akwai abin da ɗalibai da dama ba sa sani sai sun gama. Digirin Turanci zalla bai mai da mutum ƙwararren malami ba a idon doka. Hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda aka kafa da dokar soja ta 1993, tana neman shaidar horon koyarwa kafin ta yi wa mutum rajista.

Wanda ya fito da digiri zalla sai ya koma ya yi babbar difloma a fannin ilmi, ko dai a jami'a ko a Cibiyar Horon Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Shi kuwa wanda ya biyo ta NCE, ko ya karanta Turanci a tsangayar ilmi, ya riga ya tsallake wannan siratsi.

Ga wanda ya san cewa gida zai koma ya koyar a Rano ko Kibiya, wannan bambanci ya fi sunan jami'ar da ya je muhimmanci.

Batun albashi kuwa, a 2024 jihar Kano ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 71,000, amma ƙananan makarantu masu zaman kansu, waɗanda su ne suka fi saurin ɗaukar sabon mai digiri, galibi ba sa kaiwa nan. Wannan ya sa wasu ke ganin raguwar samu bayan sun kammala yi wa ƙasa hidima, inda alawus ya kai naira 77,000 a 2025.

Bayan aji

Fannin ya fitar da mutanen da suka yi suna. Zaynab Alkali, marubuciyar littafin The Stillborn na 1984, Turanci ta karanta a Bayero. Farfesa Munzali Jibril da Farfesa Abubakar Rasheed, malaman Turanci ne a jami'ar, kuma kowannensu ya shugabanci Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa. Helon Habila, wanda ya karanta Turanci a Jos, ya yi koyarwa da aikin jarida kafin ya lashe kyautar Caine a 2001.

Irin waɗannan ba su da yawa. Sauran sukan watsu a aikin gwamnati, da gidajen rediyo da jaridu, da ofisoshin hulɗa da jama'a, da ƙungiyoyin agaji masu neman wanda zai iya rubuta rahoto mai tsabta.

Akwai kuma fassara, wadda aka fi rainawa alhali a nan ne ɗan Zinyau ya fi ɗan birni makami. Kotuna na buƙatar tafinta, ƙungiyoyin kiwon lafiya na buƙatar a mai da saƙonninsu Hausa, masu shirya finafinan Kano na buƙatar rubutun Turanci a ƙasan hoto, kuma kafofin watsa labarai na ƙasashen waje da fassara suke aiki dare da rana.

Sai dai jin Hausa daban, iya rubuta ta daban. Ɗalibai da yawa na fita da digirin Turanci ba su san ƙa'idar rubutun harshensu ba, duk da cewa a Bayero da Zariya akwai sassan da ke koyar da shi a cikin harabar da suka zauna shekara huɗu.

Manhajojin kwamfuta sun karɓe wani ɓangare na fassara mai sauƙi, amma har yanzu sukan yi tuntuɓe a kan karin magana da kalmomin noma da na shari'a, kuma sai an samu mutum ya bi aikin nasu ya gyara.