Asalin Salon Shugabanci a Kwarin Silicon

Kwarin Santa Clara, kudu da birnin San Francisco a jihar Kaliforniya ta Amurka, da gonakin 'ya'yan itatuwa aka san shi kafin a laƙaba masa suna Kwarin Silicon a 1971. A nan ne aka fara salon da kamfanonin fasaha ke bi yau, inda ma'aikaci ke da hannun jari a wurin aikinsa, kuma barin aiki don kafa kamfanin kai ba abin kunya ba ne. Rashin iya shugabanci ne ya haifar da wannan salo.

A 1956 William Shockley, ɗaya daga cikin mutum uku da suka ƙirƙiro taransista a Bell Labs, ya buɗe ɗakin bincike a garin Mountain View, ya tara haziƙan matasa. A shekarar ce ya karɓi kyautar Nobel. Ilimi kam yana da shi, amma zama da jama'a ya gagare shi. Zargi ya yi masa yawa, har ya taɓa neman a gwada ma'aikatansa da na'urar gano ƙarya don wata sakatariya ta ji ɗan rauni a hannu. Ya kuma karkatar da aikin zuwa wata na'urar da yaransa suka ga ba ta da kasuwa.

A watan Satumba na 1957 mutum takwas suka ajiye aiki tare, cikinsu har da Robert Noyce da Gordon Moore da Jean Hoerni da Eugene Kleiner. A wancan zamani mutum kan shiga kamfani ya tsufa a ciki, shi ya sa aka kira su maciya amana. Wani mai harkar zuba jari, Arthur Rock, ya haɗa su da attajiri Sherman Fairchild, aka kafa Fairchild Semiconductor, kowannensu ya zuba dala 500. Cikin shekara biyu Hoerni da Noyce suka samar da dabarun da suka ba da damar haɗa taransista masu yawa a kan ƙwayar silikon guda.

Sai dai uwar kamfanin, wato kamfanin Sherman Fairchild da ke gabashin ƙasar, ta saye hannun jarinsu a 1959, ta kuma yi rowar ba injiniyoyi kaso. Mutane suka yi ta watsewa suna kafa nasu, dokar Kaliforniya kuwa ba ta yarda a ɗaure ma'aikaci da sharaɗin hana shi aiki da abokin gasa ba. A 1968 Noyce da Moore suka kafa Intel, inda babu keɓantaccen wurin ajiye mota ga manya, ma'aikata da yawa kuma aka ba su damar mallakar hannun jari. AMD ta biyo baya a 1969, Kleiner kuwa ya koma zuba jari a sababbin kamfanoni a 1972.

Sassauci kaɗai bai isa riƙe kamfani ba, kuma nan ne Andy Grove ya yi tasirin da ya cancanci yabo. Ɗan gudun hijira ne daga Hungari, ya kawo tsari mai tsauri a Intel: ganawar manaja da kowane ma'aikaci ido da ido, da rubuta manufofi tare da sakamakon da za a iya aunawa. Ya bayyana wannan a littafinsa High Output Management na 1983. John Doerr, wanda ya koyi tsarin a Intel, shi ya kai wa Google a 1999, daga nan ya bazu cikin sauran kamfanoni.