Saita lokacin wutar filogi a tsohuwar tarakta mai amfani da fetur

Taimin, kamar yadda makanikai ke kiransa, shi ne daidai lokacin da filogi ke ba da tartsatsin wuta domin ƙona cakuɗen fetur da iska a cikin silinda. Cakuɗen ba ya ƙonewa nan take, shi ya sa ake so wutar ta tashi gab da fistin zai kai ƙololuwar hawansa. Ana auna wannan 'yar tazara da digiri na juyin injin.

Tarakta samfurin Ford 8N, wadda aka ƙera a Amurka daga 1947 zuwa 1952, misali ce mai kyau. Injinta na da silinda huɗu, kuma wuta na zagaya su bisa jerin 1-2-4-3. Distributa ce ke raba wutar, a cikinta kuma akwai kwantak, wato wasu ƙananan ƙarafa biyu da ke haɗuwa suna rabuwa. Da zarar sun rabu, koyil zai tura wuta mai ƙarfi zuwa filogi. Makanikan da suka yi aiki a kan tsofaffin motocin Peugeot 504 sun san irin wannan tsari.

Idan wutar ta yi sauri, injin zai riƙa ƙwanƙwasa, ya kuma turje wa sitata yayin tayarwa, wanda a hankali kan lalata fistin. Idan ta makara, tarakta za ta rasa ƙarfin jan garma, ta yi zafi, ta sha mai fiye da kima. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan kafireta, a kashe kuɗi a banza.

Ƙa'idar farko ita ce a gyara tazarar kwantak kafin a taɓa taimin, domin duk sauyin da aka yi wa tazarar yana sauya lokacin wutar. A 8N mai distributa a gefen injin, wadda aka fara fitarwa a 1950, tazarar ita ce inci 0.025, kimanin milimita 0.64, wutar kuma na tashi digiri 4 kafin fistin ya kai ƙololuwa.

Kafin a fara aiki, a cire tarakta daga giya, a danne birki. A kwance filogin silinda ta ɗaya, wadda ke kusa da lagireto, a toshe ramin da babban yatsa, a juya injin a hankali har iska ta fara turo yatsan. Daga nan a leƙa ramin da ke nuna alamomin jikin fulawil, a ci gaba da juyawa har alamar digiri 4 ta zo daidai da manuni.

Sai a sassauta ƙusar da ke riƙe distributa, a haɗa ƙaramin ƙwan gwaji tsakanin wayar kwantak da jikin injin, a kunna makulli. A juya jikin distributa zuwa inda rota ke bi har ƙwan ya mutu, sannan a dawo da ita sannu a hankali. Inda ƙwan ya kama, nan kwantak ya fara buɗewa, kuma nan za a ɗaure ƙusar. Kada a bar makulli a kunne injin na tsaye, domin koyil da kwantak na iya ƙonewa.

Taraktocin 8N na farko suna da distributa a gaban injin. Tazarar kwantak ɗinsu inci 0.015 ce, kuma akan ciro distributar ne a saita ta a kan teburi. Saboda haka ya wajaba mai saye ko mai gyara ya fara tantance irin wadda ke gabansa, domin adadin da ya dace da ɗaya zai hana ɗayar aiki yadda ya kamata.