Babban Yatsan Wes Montgomery

A birnin Indianapolis na Amurka, Wes Montgomery kan yi walda da rana, da dare ya rungumi jitar jazz. Gudun damun maƙwabta ya sa ya ajiye 'yar robar kaɗa tsirkiya, ya koma bugu da babban yatsa. Taushin sautinsa daga nan ya samo asali.

A 1959 makaɗin jazz Cannonball Adderley ya ji kiɗansa, ya kai labari kamfanin faifai na Riverside, sai faifan Montgomery mai suna The Incredible Jazz Guitar ya fito a 1960. Amma Smokin' at the Half Note na 1965, tare da Wynton Kelly a kan piyano, ya fi armashi, musamman inda Montgomery yake haɗa tsirkiya biyu su fidda murya ɗaya, siririya da kakkaura.

Montgomery ya rasu a 1968, yana da shekara 45.