Yaƙi da Sha'awa a Hamadar Masar: Asalin Al'adar Buɗe Zuciya ga Dattijo

Wajen shekarar 382, wani matashin malamin Ikilisiya mai suna Ibagriyus ya shiga jirgin ruwa ya bar Kustantiniya, birnin da ake kira Istambul a yau. Mutum ne mai ilimi da iya magana, tauraruwarsa kuma tana haskawa. Abin da ya kore shi son matar wani babban mutum ne, ita ma kuwa ta kamu. Almajirinsa Faladiyus, wanda ya rubuta labarin, ya ce Ibagriyus ya yi mafarki an ɗaure shi da sarƙa, a cikin mafarkin ya rantse zai bar garin. Da ya isa Urushalima sai ya koma ga ado da taƙamarsa ta dā, ya kwanta ciwo har wata 6, magani ya ƙi ci. Bai sami sauƙi ba sai da wata dattijuwa mai zuhudu, Melaniya, ta matsa masa ya faɗi abin da ke cin ransa. Ita ce ta nuna masa hanyar Masar.

Ba shi ne farkon shiga hamadar ba. Tun wajen 270 wani ɗan ƙauye mai suna Antoni ya ji karatun Bishara a majami'a, ya rabar da gonakin gado, ya keɓe kansa. Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya rubuta tarihinsa jim kaɗan bayan rasuwar Antoni a 356, bai kuma ɓoye cewa Shaiɗan ya riƙa zuwa wa Antoni da dare cikin siffar mace ba. Bayansa mutane suka kwarara. Faladiyus ya ƙiyasta masu zuhudu kusan 5,000 a Nitiriya da wasu 600 a Keliya, ban da na Iskit, kwarin da ake haƙar kanwa tsakanin Alkahira da Iskandariya, wanda ake kira Wadin Natrun.

Rayuwarsu ta ƙunci ce. Gurasa da gishiri sau ɗaya a yini, wajen la'asar. Ruwa kaɗan, barci kaɗan. Hannu na saƙa igiya da kwanduna da ganyen dabino, baki na maimaita Zabura. Ranar Asabar da Lahadi ake haɗuwa don sujada, sauran kwanaki kowa yana ɗakinsa.

A nan suka gano abin da ya ba su mamaki. Sun bar gari, sun bar kasuwa, wasu sun yi shekaru ba su ga fuskar mace ba, amma sha'awar ta biyo su. Wuri ya yi tsit, sai tunani ya sami fili. Daga nan suka fahimci cewa fagen yaƙin yana cikin ƙirji, kamar yadda Yesu ya koyar cewa zina tana iya farawa daga kallo da zuciya.

Babu wanda labarinsa ya fi nuna wannan kamar Abba Musa, baƙar fata da ake dangantawa da Habasha. Bawa ne a gidan wani ma'aikacin hukuma, aka kore shi saboda sata, ya zama shugaban 'yan fashi a bakin Kogin Nilu. Da ya tuba ya shiga Iskit, tsohuwar rayuwa ta hana shi sakat. Ya je wurin dattijonsa, Abba Isidoru, ya faɗi komai. Isidoru ya ce masa sha'awa kamar karen da ya saba da mahauta take: muddin ana jefa masa ƙashi ba zai bar wurin ba, amma in aka rufe rumfa aka daina ba shi, zai gaji ya tafi. Musa ya rage abinci, ya yi shekara 6 yana kwana a tsaye yana addu'a, abin bai kwanta ba. Sai ya canza salo, ya riƙa zagayawa da dare yana ɗaukar tulunan tsofaffi yana cika musu ruwa daga rijiya mai nisa ba tare da sun sani ba. Har ya faɗi a bakin rijiya, ya yi jinyar shekara guda. A ƙarshe Isidoru ya umarce shi ya daina kokawar wuce gona da iri, ya yi masa addu'a cikin sunan Almasihu, ya bayyana masa cewa an bar shi ya sha wuya ne don kada ya yi alfahari cewa ƙarfinsa ne ya cece shi.

Wannan Musan ne daga baya aka kira shi zaman hukunta wani ɗan'uwa da ya yi laifi. Ya zo ɗauke da kwando mai huji cike da yashi a bayansa, ya ce zunubansa na zuba a baya ba ya gani, ga shi an kira shi ya yi wa wani shari'a. Taron ya yafe wa mai laifin. An kashe Musa a farkon ƙarni na 5, lokacin da mahara suka afka wa Iskit, ya ƙi gudu.

Mata ma suna cikin wannan tarihi. An ruwaito cewa wata dattijuwa mai zuhudu, Amma Saratu, ta yi shekara 13 tana fama da waswasin sha'awa, ba ta taɓa roƙon a ɗauke mata yaƙin ba, ƙarfin jurewa kawai take roƙo.

Daga irin waɗannan rayuka al'adar ta kafu. Almajiri zai je wurin abba ko amma, wato dattijo ko dattijuwa, ya faɗi tunaninsa tun bai zama aiki ba, har wanda kunya ke hana faɗi. Dalilinsu shi ne waswasi a ɓoye yake ƙiba, da an fito da shi fili sai ya yi laushi. Amma nauyi yana kan dattijo ma. Yohanna Kasiyan, wanda ya rubuta koyarwar dattawan, ya kawo labarin wani saurayi da ya buɗe zuciyarsa ga wani tsoho, tsohon ya balbale shi da faɗa ya ce bai cancanci zuhudu ba. Yaron ya yanke ƙauna ya kama hanyar gari. Abba Afolo ya tare shi, ya lallashe shi, ya gaya masa shi ma da furfurarsa yana fama, ya roƙe shi ya ƙara kwana ɗaya. Sannan ya yi addu'a jarabar ta koma kan tsohon, wanda nan take ya fito daga ɗaki yana tangaɗi, ya rasa inda zai sa kansa. Ana ba da labarin ne don horar da manya: wanda aka kawo wa rauni ya ɗaure shi, kada ya fama shi.

Ibagriyus, wanda ya zauna a Keliya har rasuwarsa a 399, shi ya tsara ilimin a rubuce. Ya lissafa miyagun tunani 8: kwaɗayin ciki, fasikanci, son dukiya, baƙin ciki, fushi, kasalar ruhu, son yabo da girman kai. Ya lura cewa suna jan juna, shi ya sa ake fara horo daga ciki. Ya koyar da cewa zuwan tunani ba a hannun mutum yake ba, amma ba shi masauki a hannunsa yake, maganar da ta sauke wa mutane da yawa nauyin ɗaukar jaraba a matsayin zunubi. Ya kuma tara ayoyi kusan 500 na Littafi Mai Tsarki, kowane waswasi da ayar da za a mayar masa, bisa misalin Yesu da ya amsa wa Shaiɗan da Nassi a jeji.

Duk da haka, masu zuhudun ba su ɗauki aure a matsayin ƙazanta ba. Cikin labaransu akwai wanda aka gaya wa Makariyus Babba, ɗaya daga dattawan hamadar, cewa bai kai matsayin wasu matan aure biyu na cikin gari ba, waɗanda suka zauna gida ɗaya shekaru masu yawa ba faɗa ba baƙar magana.

Labarin hamada ya yi nisa da wuri. A 386, a birnin Milan na Italiya, wani baƙo ya ba Agustin labarin Antoni. Agustin ɗan Tagaste ne, garin Suk Ahras na Aljeriya a yau, ya kuma daɗe yana fama da sha'awa. Labarin ya girgiza shi, ya fita lambu yana kuka, ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa sura 13, ya karanta. Shekara ta gaba aka yi masa baftisma. Kasiyan kuwa, bayan zamansa a Masar, ya kafa gidajen zuhudu a Marsey ta Faransa wajen 415, ya rubuta koyarwar dattawan da Latin, yana nanata cewa azumi da tsaron dare shiri ne kawai, tsarkin zuciya baiwar Allah ce. Benedik ya sa karatun littattafan Kasiyan da bayyana tunani ga uban ruhu cikin dokar zuhudunsa a ƙarni na 6. Fafaroma Giregori Babba, wanda ya hau a 590, ya sake tsara jerin Ibagriyus ya zama manyan zunubai 7. Masu zuhudun Ailan suka yaɗa furta zunubi a keɓe tsakanin talakawa, har babban taron Lateran na 1215 ya wajabta wa kowane Katolika yin haka aƙalla sau ɗaya a shekara.

A Masar ɗin kanta abin bai yanke ba. Gidajen zuhudu 4 na nan da ransu a Wadin Natrun: na Makariyus, na Bishoy, na Suryan da na Baramus, inda ake adana ƙasusuwan Abba Musa. Daga 1969 wani mai zuhudu, Matta al-Miskin, ya farfaɗo da gidan Makariyus, wanda a lokacin tsofaffi kaɗan suka rage a cikinsa, matasa masu digiri suka riƙa shigowa. Fafaroma Shenuda na Uku na Ikilisiyar Kibɗawan Masar ya yi zuhudunsa a gidan Suryan, an kuma binne shi a na Bishoy a 2012. Har yau Ikilisiyar Kibɗawa na koya wa mabiyanta, ɗalibi da ɗan kasuwa da matar aure, kowa ya riƙe uban ikirari guda wanda zai riƙa kai wa abin da ke zuciyarsa a kai a kai.