Galahanga: Yadda Ake Gane Murɗewar Jiki da Abin da Za a Yi

'Yan uwa mazauna Legas, Ibadan da Fatakwal, na rubuto ne daga Minna kan lalurar da nake gani a gidajen 'yan kasuwar shanu irin namu: yaro mai galahanga wanda jikinsa ke murɗewa ba da son ransa ba. Likitoci suna kiranta distoniya.

Galahanga rauni ne da ya taɓa ƙwaƙwalwa tun cikin ciki, wajen haihuwa ko a jarirantaka. Doguwar naƙuda, shawara mai tsanani a makon farko, da sanƙarau duk suna jawo ta. Ba aljanu ba ne, kuma ba a ɗaukarta.

Yadda ake ganewa

Wuya ya karkace, baya ya banƙare, hannu ya juya, baki ya buɗe. Abin yana zuwa yana tafiya. Yana tsananta idan yaro zai kama wani abu ko ya tsorata, ya lafa idan ya yi barci. Bambancinsa da farfaɗiya shi ne yaron yana cikin hayyacinsa. Da yawansu hankalinsu ras, magana ce kawai ke musu wuya.

Kulawa

In murɗewar ta ƙaru, a fara duba zazzaɓi, ciwon haƙori, taurin bayan gida ko gyambon kwanciya. Kar a miƙar da gaɓa da ƙarfi, kar a yi tsaga. A ciyar da shi a zaune, kaɗan-kaɗan, don kar ya shaƙe. A nemi sashen fisiyo, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi. Akwai magunguna kamar baclofen da trihexyphenidyl, amma likita ne zai auna, kuma ba a yanke baclofen farat ɗaya. Wanda shawara ta jawo masa, a gwada masa ji.

Gaggawa

Murɗewa ba tsayawa, jiki zafi, fitsari ya yi duhu kamar shayi, numfashi sama-sama: a nufi asibiti nan take. A Minna akwai Babban Asibiti da Asibitin Ƙwararru na IBB.

Ga masu jego: idon jariri ya yi rawaya, kar a tsaya shanya shi a rana, a kai shi asibiti ranar. A kuma cire kafur daga kayansa, yana tayar da shawara ga wasu jarirai. Allah ya ba mu lafiya.