Keken Hannu da Sabo a Tarihin GRA ta Bauchi

Bayan Turawan Ingila sun ci Bauchi a 1902, sai suka keɓe wa kansu unguwa a wajen ganuwa, wadda yau ake kira GRA. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta tanadi a bar fili na yadi 440 tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa. Wannan tazara ce ta sa keke ya zama abin buƙata ga masinja da akawu da mai lambu, waɗanda ke kwana cikin gari su yi sammako zuwa bariki.

Sabon keke a wancan zamani daga Ingila yake zuwa, Raleigh ta Nottingham ko Hercules da Phillips na Birmingham, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci na watanni. Mai son sabo sai ya shiga adashi ko ya jira kaka. Sauran kuwa na hannu suke nema, wani lokaci daga Baturen da aka yi wa canjin wurin aiki ya sa kayansa a gwanjo. Cinikin yana da ƙa'idojinsa. A kan je da mai gyaran keke ya duba ko an taɓa yi wa jikin walda, ya juya ƙafa ya ga ko ta karkace, ya taɓa sarƙa da birki, ya ƙirga facin da ke jikin tib. Ba a rasa dillali da shaidu, domin keken sata ya sha kai mutum gaban alƙali, ga kuma lasin da En'e ke karɓa.

Ƙarin albashin Udoji na 1974, da zaman Bauchi babban birnin jiha a 1976, suka ɗora ma'aikata kan Honda da Vespa. Keke ya koma hannun maigadi, ɗan makaranta da manomi, ko da yake a lokacin kamfanin Raleigh na harhaɗa shi a Kano.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, lissafin kuma ya juye. A da, na hannu tsohon sabon da ke kanti ne kawai. Daga baya sabon da talaka ke iya saye ya zama na Sin ko Indiya, irin su Phoenix da Hero, yayin da tsofaffin kekunan Turai ke shigowa ta Legas da Kwatano. Masu gyara da yawa sun fi yaba ƙarfen tsohon, amma kayan gyaransa kan yi wuyar samu, alhali na sabon suna ko'ina a kasuwar Wunti. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya sake fito da kekuna kan titunan GRA, har da na ma'aikatan da suka jingine babura.