Yadda Hisabi Ya Shiga Zauren Jiran Likita

A shekarar 1948, sa'ad da gwamnatin Birtaniya ta kafa hukumar lafiya ta ƙasa, wadda ta wajabta a duba kowa ba tare da an dubi aljihunsa ba, jama'a suka yi ta kwarara asibitoci, alhali kuwa al'adar da aka gada a sashen sha-ka-tafi ita ce a kira majinyata jimla guda a sa'a guda, su jeru bisa benci tun da sassafe, kowa riƙe da katinsa, har Allah ya kawo shi gaban likita. Hujjar masu wannan tsari ita ce lokacin babban likita yana da tsada, bai halatta ya zauna haka nan ko da daƙiƙa guda ba; amma lokacin leburan da ya bar aikinsa, da na matar da ta baro 'ya'ya a gida, babu wanda ya taɓa ɗora shi a mizani.

Ilmin da ya warware mas'alar ba a asibiti aka haife shi ba. Tun 1909 wani masanin hisabi ɗan ƙasar Denmark, Agner Erlang, ya fara lissafa yadda kiran tarho ke cunkushewa, ya aza harsashin ilmin jiran layi. Sa'an nan a Yaƙin Duniya na Biyu malamai irin su Patrick Blackett suka riƙa auna ayyukan soja da alƙaluma, har binciken tafiyar da ayyuka ya zama fanni mai zaman kansa. Da aka ajiye makamai, almajiran fannin suka bazu neman inda iliminsu zai yi amfani.

Daga cikinsu akwai Norman Bailey, haifaffen 1923, wanda ya yi karatun hisabi a Kambirij, ya shiga binciken da gidauniyar Nuffield ta ɗauki nauyinsa a kan tsarin asibitoci. Abin da ya yi ya cancanci a tsaya a kansa. Ya lura cewa ganawa da likita ba ta da tsawo guda: wani a sallame shi nan take, wani sai an tuɓe shi an sa masa abin sauraron ƙirji. Saboda haka ya ɗauki misalin zama mai majinyata 25, tsaka-tsakin ganawa minti 5, ya yi ta maimaita zaman bisa takarda, yana ciro tsawon kowace ganawa daga jadawalin alƙaluman da aka jera tamkar ƙuri'a, yana ƙidaya jiran majinyaci a gefe guda da zaman likita babu aiki a ɗaya gefen. A 1952 ya bayyana sakamakon, shi kaɗai a mujallar masana ƙididdiga, kuma tare da wani abokin aikinsa mai suna Welch a mujallar likitoci ta Lancet.

Ƙa'idar da suka fitar gajeriya ce: a kira mutum biyu a farkon zama, sa'an nan sauran su zo ɗai-ɗai, tsakanin kowane da na bayansa gwargwadon tsawon ganawa guda. Da wannan, bisa lissafinsu, likita ba zai rasa komai ba sai 'yan mintoci, majinyata kuwa su tsira daga zaman sa'o'i. A ganina falalar aikin ita ce ya tabbatar da dalili na alƙaluma, wanda mahukunta ba su iya musantawa, cewa haƙƙin mai jira abin lissafi ne. Sun kuma yi tambihi cewa tsarin ba ya tsayuwa muddin likita da kansa yana makara.

Bailey bai dawwama a kan layin asibiti ba. A 1957 ya wallafa littafi a kan hisabin yaɗuwar annoba, ya koyar a Oksfod, daga bisani ya koma Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba, inda ya juya ga lissafin cututtuka irin su zazzabin cizon sauro. Ƙa'idar kuwa ta ci gaba da ɗaukar sunansa da na Welch, kuma har yau masu bincike, in sun ƙago sabon tsarin ba majinyata lokaci, da ita suke fara gwada shi.